Zoben Inna Yana Hannuna, 'Yan'uwana Ba Su Sani Ba

Assalamu alaikum Gwaggo. Daga Mabera nake rubuto miki, a nan Sakkwato, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Mahaifiyarmu ta rasu watannin baya bayan doguwar jinya. Mu biyar ta bari, maza biyu mata uku. Baba ya daɗe da rasuwa, iyayenta ma haka. Ni ce ta tsakiya, kuma ni na zauna da ita a asibiti. Tana da wani zoben gwal da ta sayo a Makka lokacin da ta sauke farali, tun ina ƙarama, ban taɓa ganin hannunta babu shi ba. Da hannun ya soma kumbura aka ce a cire, sai ta zare shi da kanta ta sa mini a yatsa, ta ce, "Riƙe wanga, naki na." Daga ni sai ita a ɗakin. Ba a yi mako biyu ba ta cika.

Yanzu Yaya babba ya ce a tattaro duk abin da ta bari, malam zai zo ya raba gado. An kawo sarƙa da 'yan kunne da awarwaro, ni kuwa na yi shiru. Autarmu ta tambaya ina zoben Inna, na ce ban sani ba. Tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Wallahi ba kuɗinsa nake so ba, in na dube shi ita nake gani, har ina jin in na rabu da shi wani abu zai same ni. Ƙawata ta ce in ce ya ɓace a asibiti, ko in kai wa maƙeri ya yi irinsa in ba su. Mi za ni yi?

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Inna, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba: ki fito da zoben. Ban ce ki rabu da shi ba, don akwai hanyoyin da zai dawo yatsarki da halalinsa, kuma zan zo kansu. Amma sai ya fara hawa tabarma tare da sarƙa da 'yan kunne, kowa ya gan shi, kafin a yi maganar wanda zai tafi da shi.

Na yarda da ke cewa ba kuɗi kike bi ba. Wanda bai rasa uwa ba ne kawai zai ce miki "ai ƙarfe ne". Gida da gona dukiya ce da ake tsayawa a kalla, zobe kuwa a jiki ya zauna. Ki juya shi ki dubi gefen da ke kwanciya a tafin hannu, za ki tarar ya fi saman sirantaka, ya siɗe. Wanki ne da tuƙin tuwo da damun fura da alwalar shekara da shekaru suka ci shi haka. Yana hannunta ta yi miki kitso, yana hannunta ta ɗaura miki ɗankwali ranar da za a kai ki ɗaki, kuma in Innarku irin iyayenmu ce, na san kin taɓa jin sanyinsa a kumatu ranar da kika yi rashin ji. Zuciya ba ta iya riƙe mamaci gaba ɗaya. A hankali murya kan dushe, fuska ta koma wadda ke cikin hoto. Abin da ake iya taɓawa da hannu shi ke janyo sauran su dawo, shi ya sa kike ganin ta in kin dube shi. Wannan ba rauni ba ne, ba kuma ƙarancin tawakkali ba.

Akwai wanda ya fi mu duka tawakkali, kuma irin haka ta same shi. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, cikin waɗanda aka kama har da Abul Asi ɗan Rabi'u, mijin Nana Zainab 'yar Manzon Allah (SAW). Ita tana Makka a lokacin. Da mutanen Makka suka soma aiko da fansar 'yan'uwansu, sai ta aiko da nata, a ciki har da wata sarƙar wuya da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta ranar da aka kai ta gidan miji. Nana Khadija ta yi kusan shekara 5 da rasuwa a lokacin. Da Annabi (SAW) ya ga sarƙar ya gane ta, tausayi mai tsanani ya kama shi. To ki lura da abin da ya yi, don nan ne maganarki take. Bai ɗauke sarƙar ya sa a aljihu ba, bai kuma yanke hukunci shi kaɗai ba, alhali shi ne shugaba. Juyawa ya yi ga sahabbai ya ce in sun ga dama su sakar mata mijinta su mayar mata da abinta. Suka ce sun yarda. Fansa haƙƙin jama'a ce, saboda haka sai da ya nemi yardarsu, duk da abin da sarƙar take a zuciyarsa.

Yanzu ga maganar da na san ba za ta yi miki daɗi ba. Kina ganin tunda Inna ta ce "naki na", magana ta ƙare. Da ta faɗi haka ne tana da lafiyarta, ta zare ta ba ki kika karɓa kika tafi da shi, da ta ƙare ɗin, babu mai cewa uffan. Amma a kan gadon ciwon ajali ta faɗa. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan garin nan, wanda karatunsa ya kai littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya wuce ta wannan wurin: kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu, wadda kuma aka yi cikin ciwon da mutum ya mutu a kansa hukuncin wasiyya take ɗauka. Ana fitar da ita ne daga kashi ɗaya cikin uku na dukiya, shi ma in wanda aka ba ba magaji ba ne. Ke kuwa magajiya ce, kuma hadisi ya zo cewa Allah ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, don haka babu wasiyya ga magaji. Ƙofar da ta rage guda ce: sauran magada su yarda. In sun ce sun bar miki, ya zama naki, babu sauran nauyi.

Ki gane cewa wannan ba zargi ba ne a kanki. Ko da su huɗun sun rantse sun gaskata ki, hukuncin bai sauya ba, yardarsu dai ake nema. Shari'a ta san yadda ɗakin jinya yake. Marar lafiya yakan ga wanda ke kusa da shi ya manta da na nesa, kuma ba kowane mai jinya ne yake da tsoron Allah irin naki ba. Da an bar ƙofar nan a buɗe, da gidaje da gonaki da yawa sun tafi da sunan "ta faɗa mini muna mu biyu". Ban da haka, ni da ba na wurin, in na ji "riƙe wanga" a daidai lokacin da aka ce a cire zobe saboda kumburi, zan iya fahimtarsa ajiya. Ke kin ji har ƙarshen maganar, su ba su ji ba. Kada ki yi fushi in wani cikinsu ya yi wannan tunanin.

Bari mu yi lissafi, don sau da yawa tsoro ya fi abin girma. Bayan an fitar da kuɗin likkafani da abin da ya shafi jana'iza, an biya bashi in akwai (ku bincika har da adashi, iyaye mata ba su cika faɗa ba), an zartar da wasiyya in ta bar wa wanda ba magaji ba, sai a raba saura. Yadda kika lissafo ku, maza biyu mata uku, babu miji babu iyaye, namiji yana da rabon mata biyu kamar yadda aya ta 11 cikin Suratun Nisa'i ta faɗa. Kashi 7 ke nan: kowane namiji 2, kowace mace 1. Malam shi zai tabbatar bayan ya tambayi ko akwai wani magajin da ba ki ambata ba. Abin da nake so ki gani shi ne, a yanzu haka kashi ɗaya cikin bakwai na zoben naki ne, haka kuma kina da kashi ɗaya cikin bakwai a sarƙa, a awarwaro, a gida in akwai, a komai. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi wa zoben kuɗi a sa shi cikin rabonki, ki bar musu daidai ƙimarsa a sauran kaya. Masu rabon gado sun saba da wannan, kullum suna yi.

Ƙimar kuma kada kowa ya yanke ta da ka. Ku tafi kasuwa wurin masu gwal, ke da Yaya ko wanda ya wakilta, ku tambayi mutum biyu ko uku. Za su ɗora a sikeli, su gwada ingancinsa. Ki duba cikin zoben, in bai goge ba za ki ga lamba: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. In yana da dutse za su cire nauyin dutsen, kuɗin aikin da Inna ta biya a Makka kuwa ba a mayar da shi. Nauyin gwal tsagwaronsa suke saye, a farashin ranar. Zoben mace da aka daɗe ana sawa ba ya wuce 'yan giram, kuma ina kyautata zaton in aka faɗi kuɗinsa kusa da na sarƙa, ke kanki za ki yi mamakin abin da ya hana ki barci.

In rabonki bai kai ba, ko kuma aka riga aka tsara rabon ta wata hanya har sai kin sayi kasonsu da kuɗi, to ga wani wurin da mutane ke tuntuɓe. Cinikin zinariya da kuɗi hannu da hannu ake yin sa, ba a cewa "ba ni, in an yi albashi na cika". Malamai da yawa suna ɗaukar jinkirin a matsayin riba, wadda aka haramta. In kuɗin bai cika ba, ki ranta a wani wuri ki biya su gaba ɗaya a zama guda, ko zoben ya zauna ajiya a hannun wanda kuka amince da shi har ki haɗa. Ki faɗa wa malamin da zai raba wannan tun farko, ya nuna muku yadda za a yi.

Shawarar ƙawarki kuwa ki bar mata abarta. Cewa ya ɓace a asibiti ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai ɗaukar alhakin wasu, don zargi zai faɗa kan ma'aikatan jinya da ba su ji ba su gani ba. Sannan zoben da kika ce ya ɓace yaushe za ki sa shi? Ba biki, ba suna, ba gidan Yaya. Cikin akwati zai ƙare, kina buɗewa kina waige. Na maƙeri ya fi muni: ƙanwarki ta riƙe abu tana kuka tana cewa na Inna ne, ke kuma kina kallon ta kin san ba shi ba ne. Ba za ki iya ba. Wadda "ban sani ba" guda ɗaya ta hana ta barci ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan shekara da shekaru.

Auta ce ta fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki. Cikin mutum huɗu ita kaɗai ta lura babu zoben. Yaya lissafi yake yi, kuma aikinsa ke nan, kada ki ga laifinsa. Wanda ya tsaya a raba gado da wuri alheri yake yi wa gida, don gadon da aka bari ya kwana shekaru shi ke raba zumunta. Amma auta ba sikeli take tunani ba. Hannun da kike tunawa shi take tunawa, kuma ita ta fi ku ƙarancin shekaru tare da Inna. Zafin rashin da kike ji gaskiya ne, sai dai ba ke kaɗai aka yi wa mutuwa ba. Mai jinya yakan manta da haka, saboda shi ya ga abin da sauran ba su gani ba, ya kwana a zaune, ya wanke, ya juya, ya share hawaye a bayan ƙofa. Ina jin wannan a ƙarƙashin maganarki ko da ba ki furta ba: ni na yi wahala, ni na cancanta. Ki yi wa Allah kada ki bari wannan kalma ta fito ranar rabo. Da kin ce "ina kuke lokacin da nake asibiti", zancen zobe ya ƙare, an koma tonon wanda ya turo kuɗin magani da wanda bai turo ba, kuma irin wannan tonon ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Sun san abin da kika yi. In kin bar su, mai yiwuwa su da kansu su faɗa, kuma daga bakinsu ya fi daɗin ji. Ladan jinyar uwa ba a biyan sa da giram.

Saboda haka auta za ki fara samu, ke da ita, kafin kowa. Ba ta waya ba, ki taka ki je. Ki ce mata, "Ranar da kika tambaye ni zoben Inna na ce ban sani ba, ba gaskiya na faɗa miki ba. Yana wurina. Ga yadda aka yi, kuma tsoron rabuwa da shi ya sa na yi shiru. Ki yafe mini." Ki ciro shi ki sa mata a hannu ta riƙe. Kada ki cika ta da hujjoji, kada kuma ki nemi ta bar miki a wannan zaman. In ta yi fushi tana da gaskiya, ki ba ta kwana biyu. Daga nan ku je wurin Yaya tare in ta yarda. Mijinki kuma, ko da shi ne mai iya magana, ya tsaya a gefe. Suruki a zancen gado ko gaskiya ya faɗa ba a jin ta da kyau.

To in auta ta ce ita ma shi take so fa? Nan sai an yi haƙuri da juna. Inna ba zobe kaɗai ta bari ba. Akwai carbinta, akwai Alƙur'anin da take karatu da shi, da mayafin da take salla, da tabaraunta, da kwanon da ba ta yarda kowa ya sha fura a ciki. A kasuwa ba su da wani kuɗi, a wurinku kuwa wani cikinsu zai iya fin zoben. Su ma gado ne, a sa su a gaba a yi maganarsu a fili, kada a bar su ga wanda ya riga shiga ɗaki. In duk da haka kun kafe ku biyu, ƙuri'a halal ce a rabo, kuma ta fi gaba. Wasu gidajen sukan yarda abu ya zama mallakar mutum ɗaya amma 'yar'uwa ta ara ranar bikinta ko sunan ɗanta, wannan ma yana yi in zukata sun kwanta. Abin da ban so shi ne a narka shi a yi ƙanana biyu. Na san ana yi, kuma ba haram ba ne, amma da ya shiga wuta siɗewar nan da hannun Inna ya yi masa ta tafi, abin da zai fito gwal ne irin na kowa.

Sai maganar da kika yi cewa in kin rabu da shi wani abu zai same ki. Wannan ki yaƙe ta tun tana ƙarama. Tunawa daban, dogaro daban. Zobe ba ya tsare kowa, bai ma hana mai shi ciwo ba. Zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa, wanda aka zana "Muhammadur Rasulullah" a kansa yake buga wa wasiƙu hatimi, ya zauna a hannun Sayyidina Abubakar, ya koma na Sayyidina Umar, ya koma na Sayyidina Usman, sannan ya faɗa rijiyar Aris a Madina. Kwana 3 ana yashe rijiyar ba a gan shi ba. In wannan ya ɓace, to naku ma wata rana zai iya zamewa a wurin wanki ko a cunkoson kasuwa. In kuma tsoron nan da rashin barcin suka ci gaba bayan an warware maganar, kada ki riƙe a ciki. Ki faɗa wa wata babba da kika yarda da ita, in ya ƙi sauƙi ki ga likita. Makoki yakan zauna wa mai jinya fiye da kowa.

Wani abu kuma da za ki yi, ko zoben ya zo hannunki ko bai zo ba. Ki nemi labarinsa tun masu labarin suna raye. Wa ya raka ta Makka? Kuɗin mene ne ta saya da shi, na saniya ne ko na adashi ko na ƙuli-ƙulin da ta tara? Me ya sa wannan ta zaɓa? In tana da ƙanwa ko aminiya da ta rage, ki kai mata ziyara da ɗan turare, ki kunna waya ki naɗi muryarta da izininta, ki tura wa 'yan'uwanki. In kin taɓa shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu, kin san abin da ke tsayar da mutum gaban tsohon kaya shi ne an san na wane ne da abin da ya yi da shi. Jikokin Inna da ba su san ta ba, in babu labari, ranar da suka matsu sikeli za su kai shi, kuma ba za a ga laifinsu ba. Ziyarar kanta ma sunna ce: Annabi (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija nama bayan rasuwarta.

Kada ki jira ranar da malam zai zauna. In zoben ya fito a gaban baƙo, kunya za ta sa kowa ya taurare, ke ki shiga kare kai, su su shiga tuhuma. Ki je wurin auta cikin makon nan, Yaya kuma ya ji daga bakinki kafin ya kammala rubuta jerin kayan, don ya sa zoben a ciki da hannunsa. In an tashi yafewa, kowane ɗaya ya furta da bakinsa a gaban malam, a rubuta, a sa shaidu biyu. Kada Yaya ya yafe a madadin kowa, kuma in akwai wanda ya yi shiru, a ɗauka bai yafe ba, a biya shi kasonsa.